Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka tayar da tsohuwar jif a Sabon Birni da Isa

A gidaje da dama a Sabon Birni da Isa, in ka leƙa bayan katanga za ka tarar da wata ƙatuwar jif a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji na kiwo a ƙarƙashinta. Wata ta tsohon ɗan majalisa ce, wata ta basarake, wata kuma wani falken shanu ne ya sayo ta daga Kwatano lokacin da kasuwa ke garawa. Da ta fara neman kuɗin da suka fi ƙarfin gida, sai aka jingine ta sai an samu hali. Yau matasa da yawa na zawarcin irin waɗannan motoci, don ana sayar da su da arha, kuma hanyoyin gabashin Sakkwato na son mota mai tsayi da ƙarfi. Sha'awar tana da hujja. Sai dai a wannan yanki gyaran tsohuwar jif yana da manufa guda da ta danne sauran, wato kada ta mutu maka a hanya. Duk kuɗin da za ka fitar, da wannan za ka auna shi.

## Wace iri ce a gabanka?

Galibin waɗanda ake samu a nan 'yan gidan Toyota ne. Akwai Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, da samfurin 100 da ya biyo bayanta daga 1998 zuwa 2007. Lexus LX 470 ita ce dai samfurin 100 ɗin, an ƙara mata kujerun fata da na'urori. Sai Prado samfurin 120 ta 2002 zuwa 2009, da Mitsubishi Pajero da aka daina ƙerawa a 2021, da kuma jefi-jefi Range Rover ta Ingila.

Injin shi ne ke gaya maka irin ɗawainiyar da ka ɗauko. Samfurin 80 mai fetur yawanci tana ɗauke da 1FZ-FE, mai fulogi shida a jere, lita 4.5, wanda sarƙa ke juya lokacinsa. Masu gas kuwa akwai 1HZ mai lita 4.2, injin da ba ya da sauri amma yana da haƙuri, kuma ba ya dogara da kwamfuta. Samfurin 100 da Lexus suna da 2UZ-FE, mai fulogi takwas, lita 4.7. Akwai kuma samfurin 105, bodin 100 a kan ƙafafun 80, wadda ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna shiga karkarar Afirka da ita.

A ganina, ga wanda zai riƙa bin Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle ko Bafarawa, wadda ta fi ƙarancin wayoyi da na'urori ita ce ta fi alheri. Range Rover ta 1994 zuwa 2012 tana da daɗin zama ƙwarai, amma a kan jakunkunan iska take tsaye, kuma kusan kowane ciwonta sai an jona kwamfuta kafin a gane shi. In ba ka da ƙwararre a kanta da za ka iya kaiwa cikin sauƙi, ka haƙura da ita.

## Kafin ka biya ko sisi

Fara da takardu. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mu da ke maƙwabtaka da Maraɗi mun san motoci nawa suka ratso ta ɓarauniyar hanya. Ka nemi takardar biyan kuɗin kwastan, ka kwatanta lambar shasi da ke cikinta da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, baƙi da baƙi. In motar gado ce, ka tabbatar dukkan magada sun amince, a rubuta, a sa shaidu. Rigimar gado tana iya tasowa bayan ka gama zuba kuɗinka.

Daga nan sai ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Motocin da suka yi zama a arewacin Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana cin shasi daga ciki. Ka bubbuga ƙarfen, musamman wajen ƙafafun baya. In yana ɓarewa ko guduma ta lotsa shi, ka tafi abinka, komai kyan bodi. Ka kuma ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka duba dogayen ƙarafan da kujeru ke tafiya a kai. Warin ruma, busasshiyar laka a lungu, da tsatsa a inda ruwa bai kamata ya kai ba, alamu ne na motar da ambaliya ta taɓa nutsarwa. Irin waɗannan sukan fito kasuwannin gwanjo bayan manyan guguwa kamar Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, kuma wayoyinsu ba sa gama ciwo.

Ka lura da sitiyari ma. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, don haka motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan akan juya musu sitiyari a gareji. In ka ga walda a sandar sitiyari ko alamar yanka a dashbod, wannan ba motar da za ka ɗora iyalinka a ciki ba ce.

Motar da ta shekara biyu ko uku a tsaye, kada ka yi gaggawar ba ta wuta. A zubar da tsohon fetur, don ya riga ya yi danƙo. A sauya baƙin mai da filta, a cire fulogai, a ɗiga ɗan mai a ramukansu, a juya injin da sifana a ji ko yana tafiya lafiya. Sai bayan nan a kawo batir.

## Zafi ne babban mai kashe injin

In kuɗinka ba su isa komai ba, to su fara tafiya nan. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Gobir yana haura digiri 40, kuma jif mai nauyin kusan tan biyu da rabi da ke ratsa yashi a ƙaramar giya tana aiki tuƙuru alhali iskar da ke bugun lagireto kaɗan ce. Lagireton waɗannan motoci sama da ƙasansa roba ne. In ka ga robar ta sauya daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, ta gasu ke nan, ranar fashewa kawai take jira. Kada ka tsaya faci, sabo za ka sa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire tamosta da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don an yi shi ne saboda ƙasashen sanyi. Wannan kuskure ne mai tsada. Aikin tamosta shi ne riƙe injin a daidai zafin da aka tsara masa, kuma a irin waɗannan injuna shi ke toshe gajeriyar hanyar ruwa don ya tilasta masa bi ta lagireto. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa cikin injin bai je ya huce ba. Da safiyar hunturu kuma injin zai daɗe bai ɗau ɗumi ba, kwamfuta ta riƙa ƙara masa fetur. Ka sa tamosta na asali, ka bar shi a wurinsa.

Ruwan da ake zubawa ma abin kula ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a siraran bututun lagireto, suna kuma haifar da tsatsa. Ka yi amfani da ruwan lagireto na kwalba, jan nan da Toyota ta tsara, in kuwa mai kauri ne da ake sirkawa, a sirka shi da tataccen ruwan batir.

Fankar gaban injin tana da wani kulos mai mai a ciki wanda ke kama ta in zafi ya tashi. Ga yadda za ka gwada: bayan doguwar tafiya, ka kashe mota, ka tura fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakayau babu wani riƙo, kulos ɗin ya gaji. Wasu kanikawa kan ɗaure ta da noti ta riƙa juyawa kullum, abin da ke ƙara shan mai da wahalar da famfon ruwa. Sauya shi ya fi.

Kowane samfuri yana da lungun da yake ɓoye ciwonsa. A samfurin 100 da Lexus akwai 'yan mahaɗan roba guda biyu a bututun hita, can bayan injin kusa da bango. Tsufa na sa su rugurguje, kuma in ɗaya ya fashe ruwan injin zai tsiyaye cikin 'yan mintoci. Kuɗinsu kaɗan ne, ɓarnarsu kuwa sai an sauke kan injin. A samfurin 80 mai fetur akwai wani gajeren tiyo da ke maƙale a gefen injin, wanda da wuya hannu ya kai gare shi, shi ya sa ake barinsa har ya fashe. Ka sauya su duka tun motar tana tsakar gida.

Sai bel ɗin lokaci, wanda kanikawa ke kira tayimin bel. A injin mai fulogi takwas ana sauya shi a wajen kilomita 145,000 zuwa 150,000, kuma ya kamata a haɗa da famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. A 1HZ ma bel ne, kuma in ya tsinke injin na tafiya, fistin kan daki bawul. In mai sayarwa bai nuna maka shaidar ranar da aka sauya ba, ka ɗauka ba a taɓa sauyawa ba.

Bayan kaka, in ka bi hanyar gona, ƙaiƙayi da ƙarangiya kan cushe tsakanin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa. Ka hura su da iska daga baya zuwa gaba. Ka kuma cire busasshiyar ciyawar da ke naɗewa a salansa, don tana kama wuta.

## Ƙura da mai

Da hunturu, filtar iska ita ce katangar da ke tsakanin injinka da ƙurar Sahara. Ka riƙa buɗe ta duk mako. A kakkaɓe ta a hankali, in za a hura a hura daga ciki, kuma kada a wanke ta da fetur ko ruwa. Ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filtar. In ya fito da ƙura, to akwai inda take ɓullowa, kuma wannan ƙurar ce ke cinye ringi har mota ta fara hayaƙi. Wasu samfuran suna da ɗan kofi a ƙasan gidan filtar inda ƙura mai nauyi ke taruwa, a riƙa zazzage shi.

Juyen baƙin mai a irin wannan ƙasa kada ya wuce kilomita 5,000. Mai fulogi takwas yana cin kusan lita bakwai. Ka sayi mai a rufe daga dila da ka sani, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, kaurinsa kuma ya dace da abin da littafin motar ya yarda da shi. Man giyabos ma ba ɗaya ba ne: na motocin farkon samfurin 100 daban, na waɗanda suka zo da giya biyar daga 2003 daban. Kada ka yarda da "duk ja ne".

Fetur kuwa matsala ce ta musamman a bakin iyaka. A Nuwamban 2019 an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Satumban 2021 kuma gwamnatin Sakkwato ta taƙaita sayar da shi a jarka saboda tsaro. Irin waɗannan lokuta kan tura mutane wajen 'yan bumburutu, inda mai ke zuwa da ruwa, da laka, wani sa'in da kananzir. Ko gidan mai ma ba a rantsuwa a kansa, ai ba a manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya lalata motoci a Fabrairun 2022 ba. In dole ta sa ka sayi na galan, a tace shi da kyalle mai tsabta. Famfon mai yana cikin tanki ne, kuma fetur ɗin ke sanyaya shi, don haka kada ka saba barin tanki ya gaza kwata. Mai motar gas ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta.

## Abin da ke ƙarƙashi

Lexus LX 470 da wasu manyan samfurin 100 suna da tsarin da ke ɗaga mota ya sauke ta da matsin mai. Akwai ƙwallaye huɗu masu iskar naitirojin a ciki, su ne ke shanye gargada. In sun mutu, motar za ta riƙa tsalle a kan kowane ɗan rami. Hanya biyu ce gare ka. Ko ka sayi sababbin ƙwallaye ka zuba man da aka yi domin tsarin, don man birki ko na giya yana kashe shi, ko kuma ka cire shi gaba ɗaya ka koma shokozoba na gargajiya. In ka zaɓi ta biyu, dole a sauya sifirin ɗin baya da sandunan murɗi na gaba, saboda na asalin an yi su da laushi, da nufin man ya taya su ɗaukar nauyi. Wanda ya sauya shokozoba kaɗai zai ga motarsa ta durƙusa da zarar an loda mata buhunan gero. Ga mai zama nesa da birni, na fi karkata ga cirewa.

A samfurin 80 da 105, ka dubi ƙwallon da ke bayan kowace tayar gaba. In ka ga baƙin kunu yana ɗiga, man askil ne ya karya shinge ya gauraye da giris. A buɗe, a wanke, a sauya sil da boris. Aiki ne na yini guda mai ƙazanta, amma mai haƙuri zai iya yin sa a gida.

Da damina, duk wanda ya ratsa ruwa a fadamun Gulbin Rima, Bunsuru ko Gagare, ya kwance notin man askil ya duba. In man ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar. A ɗura giris a mahaɗan furofela. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga wani ya taka da ƙafa ba, domin in injin ya zuƙi ruwa ta hancin iska, nan take yake bugawa.

Yawancin waɗannan motoci da ƙafa huɗu suke ja kullum, saboda haka tayoyin huɗu su zama girma ɗaya. Makullin tsakiya na yashi da taɓo ne, in ka hau kwalta ka sake shi. A yashi mai zurfi ka rage iska zuwa 18 ko 20 a ma'aunin masu faci, ka mayar kafin ka yi gudu. Tayar Beljiyam kuwa ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na da kyau, kwaltar bazara na iya fasa ta.

Man birki a sauya shi duk shekara biyu, kuma kada wani ya zuba maka ruwan omo a madadinsa.

## Ɓeraye

Motar da ke kwana kusa da rumbu ko buhunan hatsi sai ɓera ya shige ta. Yana cin rigar waya, yana yin sheƙa a saman injin. Ka nisanta ta da hatsi, kada a bar abinci a ciki, ka riƙa tayar da ita duk mako. In waya ta lalace, mai rawaya ya haɗa da dalma ya rufe da kyau. Fiyus da ya ƙone kuma a sa mai lambarsa, don naɗa masa waya hanya ce ta gobara.

## Na gida da na gareji

Juyen mai, filtoci, fulogi, tiyo, fanbel, takalmin birki, giris da batir duk ayyukan tsakar gida ne. Abin da kake buƙata shi ne cikakken jerin sifana, tocila, littafin gyaran samfurin, da 'yar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanto ciwon mota a wayarka, ga samfuran da ke karɓarta. Ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, ka kuma ajiye littafin da kake rubuta rana da kilomita na kowane aiki.

Buɗe giyabos, sauke kan injin, saita famfon gas da gyaran na'urar birki mai lantarki ta samfurin 100, waɗannan na ƙwararru ne a Sakkwato, Kano ko Kaduna. Kik ɗin mai fulogi takwas ma a tsakiyar injin yake, sai an ɗaga bututun iska na sama kafin a kai gare shi, don haka in an buɗe a sa mai kyau sau ɗaya.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka shiga ƙarƙashin wannan mota tana kan jak kaɗai. Ƙasarmu yashi ce, jak na nutsewa. Ka sa faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, ka datse tayoyi. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, kada ka bar injin na aiki a rufaffen ɗaki, kuma tsohon baƙin mai a tara shi a jarka nesa da rijiya da yara.

Kayan gyara ana samun su a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Ka tura lambar shasi da hoton tsohon kayan. Ƙarfe irin su askil da ƙofa, na Beljiyam ya wadatar. Roba kuwa, wato bel, tiyo da sil, sabo na asali kawai, don tsohuwar roba ta riga ta ci rabin ranta. Araha ba ta ado.

## Lissafin aljihu da na rai

Mai fulogi takwas tana shan lita 15 zuwa 18 a kowane kilomita 100, a yashi ma fiye. Tankinta lita 96 ne. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta yi ta hawa har ta kai naira 1,000 a ƙarshen 2024. A wannan farashi, cika tanki sau ɗaya ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Faɗuwar darajar naira kuma ta ɗaga kuɗin duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi. Wannan ne dalilin arharta a kasuwa.

Batun tsaro ya fi wannan nauyi. Mutanen yankin nan ba su manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa a Disambar 2021 ba, haka nan sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato a Yulin 2024, wanda ya rasu a hannun 'yan bindiga a watan Agusta. Allah Ya jiƙansu da rahama. A hanyar Goronyo, ko ta Marnona da ke ratsa dajin Gundumi, ko ta Shinkafi, tsayawa a buɗe bonet na rabin sa'a ba ƙaramin haɗari ba ne. Jif mai sheƙi da baƙin gilashi kuma tana shelar cewa akwai mai kuɗi a ciki, ko da kuwa malamin makaranta ne ya tara shekaru yana gyara ta. Saboda haka fenti, kujerun fata da ƙafafun alminiyam su zo a ƙarshe, in ma za su zo. Ka bar ta da kamanninta na tsohuwa. Ka yi tafiya da rana, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, kuma kada a rasa safaya mai iska, famfon taya, fanbel, jarkar ruwa, shebur da igiyar ja a bayanta.

In bayan ka saya ba za ka iya ware kuɗin lagireto, bel, tayoyi da birki a watan farko ba, ka bar ta a gindin darbejiyarta, ka nemi ƙaramar motar da za ka iya riƙewa.